Littafin Da Ka Saya, Amma Ba Naka Ba

Kwanan baya wata takarda ta iso mini daga wani malami mai koyar da Hausa a wata kwalejin horon malamai da ke kudancin ƙasar nan. Malam ya ce a shekarar 2021, sa'ad da yake rubuta kundin digirinsa na biyu, rabin littattafan da ya dogara da su bai taɓa riƙe su a hannu ba. A wayarsa ya karanta su, aro daga wata ma'ajiyar littattafai ta intanet da ake kira Internet Archive, bai biya ko anini ba. Bana ya koma domin ya nuna wa ɗalibansa hanya, sai ya tarar sunayen littattafan suna nan, hotunan bangonsu suna nan, amma da yawa daga cikinsu an daina ba da su aro. Shi ne yake tambaya, wai ko 'yan Nijeriya aka rufe wa ƙofa, kamar yadda akan yi mana a wasu wurare?

Malam, ba mu kaɗai ba ne. Ƙofar nan duniya duka aka rufe wa, kuma alƙalai ne suka rufe ta, a birnin Niyok na Amurka. Shari'ar tana da tsawo, amma ya kamata mai karatu ya ji ta, domin ta shafi abin da laburare zai zama nan gaba, nasu da namu.

Sai mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: me ya halatta wa laburare ya sayi littafi guda, sa'an nan ya ara wa mutum ɗari, marubuci bai sami kuɗin kwafi 99 ba? A Amurka amsar ta samo asali daga wata shari'a ta shekarar 1908. Wani kamfanin ɗab'i mai suna Bobbs-Merrill ya buga wani littafin hira, ya rubuta gargaɗi a cikinsa cewa kada kowa ya sayar da shi ƙasa da dala 1. Babban kantin nan na Macy's ya saro littafin da yawa, ya karya farashi, ya riƙa sayarwa senti 89. Kamfanin ya kai ƙara, magana ta kai har Kotun Ƙoli. Kotu ta ce ikon mai haƙƙi a kan kwafi yana ƙarewa ne a cinikin farko. Da zarar ka karɓi kuɗi ka miƙa littafi, to, wannan kwafin ya zama na mai saye, in ya ga dama ya sayar, in ya ga dama ya yi kyauta, ko ya ba da aro, ko ya bar wa magada. Abin da aka hana shi guda ne, watau ya buga wani sabon kwafi daga nasa. Daga baya majalisa ta shigar da wannan ƙa'ida cikin doka. A kanta laburare ya zauna, a kanta kuma masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi suke cin abinci.

To, da littafi ya bar takarda ya shiga na'ura, sai ƙa'idar nan ta rasa inda za ta dafa. Dalili kuwa shi ne, idan na miƙa maka littafin takarda, hannuna ya zama wayam. Amma idan na tura maka littafi daga kwamfutata zuwa wayarka, ban miƙa komai ba, sabon kwafi na haifar, nawa kuma yana nan inda yake. A idon doka wannan bugu ne, kuma bugu sai da izinin mai haƙƙi. Masu ɗab'i suka ga wannan kafa, suka daina sayar wa laburare littafin na'ura, suka koma ba shi haya bisa sharuɗɗan da su suka tsara. A 2011 kamfanin HarperCollins ya ce kowane littafin na'ura da laburare ya karɓa daga gare shi, aro 26 kaɗai zai yi, daga nan ya mutu, sai a sake biya. Lissafinsu shi ne mako 2 sau 26, shekara guda ke nan. Wasu manyan kamfanonin suka zaɓi wa'adin shekara 2, ko an ari littafin ko ba a ara ba. Farashin da ake yanka wa laburare kuwa yakan ninka na mutum ɗaya sau uku ko fiye. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Macmillan ya ƙara gishiri, ya ce cikin makonni 8 na farkon fitowar sabon littafi, kwafi ɗaya tak zai ba kowane laburare, ko da na birni ne mai mutum miliyan. Sai da ma'aikatan laburare suka yi ca a kansa kafin ya janye a watan Maris na 2020.

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon laburare ya ga littafin da aka saya tun kafin a haife shi, an yi masa ɗinki, an sake masa bango, har yanzu yana aiki, zai gane girman abin da aka sauya. A da laburare maigida ne, yanzu ya zama ɗan haya, kuma ɗan hayar da ba a yi masa alkawarin sabunta yarjejeniya ba.

A cikin wannan hali ne Internet Archive ta fito da tata dabara. Wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Brewster Kahle, shi ya kafa ta a birnin San Faransisko a 1996, ba don neman riba ba. Ta riƙa sayen littattafan takarda, ana kuma kawo mata wasu kyauta. Sai ta ɗauki hoton kowane shafi da na'ura, ta kulle na takardar a cikin sito, ta riƙa ba da hoton aro ta intanet, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. In kwafi 2 ta mallaka, mutum 2 za su ara, na uku ya shiga layi. In wa'adi ya cika, sa'a guda ko mako 2, littafin ya rufe kansa. Hujjarta ita ce ba ta ƙara ko kwafi ɗaya a yawan da ke yawo a duniya ba, ta dai rage wa mai karatu tafiya ne kurum. Shekara da shekaru ana haka, masu ɗab'i suna gunaguni, amma ba su je kotu ba.

Sai annobar korona ta zo. Makarantu da laburarori suka rufe, littattafai suka zauna a kulle, ɗalibai suna gida. Ran 24 ga watan Maris na 2020 ma'ajiyar ta ba da sanarwar abin da ta kira laburaren gaggawa na ƙasa, ta ɗauke layi gaba ɗaya daga kan littattafai kimanin miliyan 1.4. Watau kwafi ɗaya a sito, amma mutum dubu suna iya aronsa a dare guda. Ni dai ban yi shakkar kyakkyawar niyyar masu wannan aiki ba, amma a ganina nan ne aka je neman gira aka rasa ido. Duk ƙarfin hujjarsu yana kan ɗaya bisa ɗaya ne, da hannunsu kuma suka warware ta. Ran 1 ga watan Yuni na shekarar kamfanoni 4, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, suka shigar da ƙara a kotun tarayya ta Niyok a kan littattafai 127. Ma'ajiyar ta yi maza ta rufe laburaren gaggawar ran 16 ga watan, ta koma kan tsohon tsari, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu ƙara ba su tsaya a kan na gaggawar ba, suka ce tsarin duka, tun daga tushe, satar fasaha ne.

Dokar Amurka ta bar wata 'yar kafa da suke kira amfani bisa adalci, wadda ke halatta wa mutum ya ɗebi wani abu daga aikin wani ba da izini ba. Alƙali yakan auna abu 4: manufar ɗibar, da irin aikin da aka ɗiba daga ciki, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma illar da aka yi wa kasuwar mai haƙƙi. Ta wannan kafa kamfanin Google ya tsira a 2015, bayan ya ɗauki hoton miliyoyin littattafai, domin shi ba ya miƙa wa mutum littafi ya karanta. Yakan nuna maka 'yan layuka ne inda kalmar da kake nema ta fito, in kana son sauran sai ka je ka nemi littafin. Kotu ta ce wannan sabon amfani ne da ba ya maye gurbin saye. Ma'ajiyar ta so ta bi ta nan, amma ran 24 ga watan Maris na 2023, shekara 3 daidai da buɗe laburaren gaggawa, Mai Shari'a John Koeltl ya ce ba ta isa ba. Littafi sukutum ake bayarwa, don a karanta shi daga farko har ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da mai ɗab'i yake sayarwa. Ran 4 ga watan Satumba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Ta dai wanke ma'ajiyar daga zargin kasuwanci, amma ta ce rashin neman riba ba ya mai da bugu ya zama aro, kuma in aka ƙyale kowa ya yi haka, kasuwar hayar littattafan na'ura za ta rushe. A watan Disamba na 2024 ma'ajiyar ta ce ba za ta je Kotun Ƙoli ba. Littattafai fiye da 500,000 aka janye daga aro, galibi waɗanda masu ɗab'i suke da irinsu na na'ura a kasuwa. Cikinsu ne naka suka faɗa, Malam.

Shin alƙalan sun yi kuskure? In a kan harafin doka ne, ban ga kuskurensu ba. Kuma ba zan shiga sahun masu zagin marubuta da masu ɗab'i ba, domin na san yadda abin yake a gida. Marubuciya a Kano takan tara kuɗinta, ko ta ci bashi, ta kai maɗaba'a, kafin ta mai da uwar kuɗi wani ya ɗauki hoton littafin da waya ya watsa a WhatsApp, har ana sa masa albarka. Tun kafin wayar ma, marubutan adabin kasuwar Kano sun sha kuka da shagunan hayar littattafai, inda kwafi ɗaya zai zaga unguwa mai shago yana karɓar na cefane. Wanda ya ga wannan ba zai ce tsoron masu ɗab'in Amurka shirme ba ne. A zamanin da, in almajiri ya ari littafi wurin malaminsa don ya kwafa, watanni zai yi yana fama da tawada da alƙalami, wahalar kwafar ita ce shingen. Na'ura ta ɗauke wahalar, saboda haka tilas a sami wani shingen a madadinta.

Inda na rabu da su shi ne a kan abin da dokar kanta ta manta. Dokar haƙƙin mallaka ta farko, wadda aka yi a Ingila a 1710 zamanin Sarauniya Anne, ciniki ce tsakanin marubuci da jama'a. An ba marubuci shekara 14, in yana raye a ƙara masa 14, daga nan littafi ya zama na kowa. Dokar nan kuma ta wajabta a ba da kwafi 9 na kowane sabon littafi ga manyan laburarorin ƙasar. Ashe tun ran gini haƙƙin marubuci da rabon laburare tagwaye ne. Yau ɓangare guda ya yi ta tsawo. A ƙasashe da yawa, har da tamu, wa'adin ya kai tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. A Amurka littafin da aka buga a 1930 sai ran 1 ga watan Janairu na 2026 ya kuɓuta. Ɗaya ɓangaren kuwa sai ƙanƙancewa yake yi, tun da littafin da laburare bai mallaka ba, ba zai iya adana shi ba. Kamfani ba aikinsa ne ajiya ba, in littafi ya daina kawo kuɗi zai sauke shi daga kanta, ba wanda zai ga laifinsa. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutanen da suka sayi wasu littattafan George Orwell, ya goge su daga nesa saboda wata matsalar haƙƙi, ya mayar musu da kuɗinsu. Shugaban kamfanin ya ba da haƙuri daga baya, amma jama'a sun riga sun ga cewa hannun da ya ba su yana iya komowa ya ɗauke cikin dare.

Akwai kuma wanda ba a kira shi shaida a kotun Niyok ba, shi ne mai karatu na nesa. Alƙalai sun ce ai littattafan suna kasuwa, laburare ya je ya yi haya. Wannan magana ce mai ma'ana ga laburaren birnin Niyok. Amma kwalejin da take fama da kuɗin man janareto, yaya za ta biya hayar littafi da dala, kuma ta sake biya bayan shekara 2? Ɗalibin Malam ba ciniki ne da masu ɗab'i suka yi hasara ba, domin ko an rufe ko ba a rufe ba, ba zai taɓa saye ba. An rufe, kamfani bai ƙaru da sisi ba, ɗalibi kuwa ya rasa littafi, ko kuma ya koma shafukan ɓarayi, inda ba layi, ba wa'adi, ba kuma wanda ke tuna marubuci.

Jihar Merilan ta Amurka ta gwada gyara a 2021, ta yi dokar da za ta tilasta wa masu ɗab'i su ba laburare haya bisa farashi mai sauƙi, amma a 2022 kotun tarayya ta tsai da ita, ta ce haƙƙin mallaka hurumin gwamnatin tarayya ne. Turai ta bi wata hanya dabam, wadda ni ta fi kwanta mini. Tun 1946 ƙasar Danmak take biyan marubuta wani abu daga baitulmali saboda littattafansu da ke laburarorin jama'a, Ingila ma ta yi irin wannan doka a 1979. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2016, a ƙarar da ƙungiyar laburarorin Holan ta kai, kotun Tarayyar Turai ta ce aron littafin na'ura, kwafi ɗaya ga mutum ɗaya, yana iya shiga ƙarƙashin dokar aro ta laburare, muddin ta halal aka samo kwafin, kuma ana biyan marubuci. Ba ta warware komai da komai ba, domin ba ta tilasta wa mai ɗab'i ya sayar ba, amma ta nuna cewa ana iya ba mai karatu aro a kuma ba marubuci haƙƙinsa, ba sai an yanka ɗaya an ciyar da ɗaya ba.

To, mu fa? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan sai mu gode Allah, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta yi wa laburare tanadin da ya fi na da nesa ba kusa ba. Ta yarje masa ya kwafi abin da ke hannunsa domin adanawa. Ta buɗe hanyar mai da littafi yadda makaho zai iya amfani da shi, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017. Ta kuma ce duk wani sharaɗin kwangila da ya nemi hana abin da doka ta halatta, to, sharaɗin ɓatacce ne. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin makami ba ne ga wanda ya ji labarin hayar da muka bayar a sama. Amma doka a takarda ba ta ɗaukar hoton shafi ko guda. Ma'aikacin laburare, kamar kowane ma'aikacin gwamnati, in bai ga umarni a rubuce ba, ya fi son ya bar littafi a kabad gara ta ci da a kira sunansa a kotu.

Kuma gara tana ci. Bisa lissafin shekara 70, ayyukan marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna cikin kariya har ƙarshen 2051, na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa har ƙarshen 2036. Ban damu da Magana Jari Ce ba, ana bugawa, ana sayarwa, wanda ke so ya saya, magada su ci halalinsu. Damuwata tana kan ɗimbin ƙananan littattafan da Hukumar NORLA ta fitar a Zariya a shekarun 1950, da waƙoƙin da aka buga sau ɗaya aka manta, da littattafan Kano na shekarun 1990 da aka buga a takarda mai araha, waɗanda ba a kasuwa suke ba, ba a kuma san inda magadan wasu marubutansu suke ba. Doka tana gadin irin waɗannan kamar yadda ake gadin kangon da ba kowa a ciki. Tun 1970 doka ta wajabta wa kowane mai ɗab'i ya kai kwafi 3 Laburaren Ƙasa, amma wanda ya san kasuwar littattafan Hausa ya san marubuta nawa ne suka taɓa jin wannan magana.

Abin da nake roƙo ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da Laburaren Ƙasa da ƙungiyoyin marubuta shi ne su zauna tun ba a kai ga alƙali ba, su rubuta ƙa'ida a fili, da Turanci da harsunanmu. Littafin da ya ɓace daga kasuwa, a bar laburaren da ya mallake shi ya ɗauki hotonsa ya ba da aro, ɗaya bisa ɗaya, kada a kuskura a cire layi ko da annoba ta zo. In marubuci ko magajinsa ya fito ya ce zai sake bugawa, a janye masa ba gardama. A kuma ware wani ɗan abu, ko yaya yake, a riƙa biyan marubuta gwargwadon yawan aro, tun da na'ura ta fi kowane magatakarda iya ƙidaya. Na san za a ce ina kuɗi, amma ƙasar da ke iya saya wa 'yan majalisa sababbin motoci kowane zango ba ta rasa na wannan ba.

Kafin nan, Malam, ga abin da ya rage maka. Hukuncin Niyok bai taɓa littattafan da wa'adinsu ya ƙare ba. Magana Hausa na Schön, wanda aka buga a 1885, da ƙamus na Robinson, da tatsuniyoyi da al'adun da Rattray ya fitar a 1913, duk suna nan a ma'ajiyar, ɗalibanka suna iya sauke su kyauta su ajiye har abada. Wasu tsofaffin da ba su da irin na na'ura a kasuwa ma ana ba da su aro har yanzu, sai ka riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka janye kuwa, rubuta sunayensu da na masu ɗab'insu ka kai wa shugaban laburaren kwalejinku tun kafin a rufe kasafin baɗi, ka kuma roƙe shi, in da hali, ya sayo na takarda.